Kafin ka sayar da babur ka nemi permin babbar mota, zauna mu yi lissafi



Makon jiya a fadarmu, shayi na biyu na kan wuta, wani ƙanena ya jawo ni gefe ya ce yana son shawara. Shekararsa 22, tun a kolej ya bar lekol, yau shekara biyu ke nan yana kabu-kabu da babur ɗin da ya gama biya da ƙyar. Ya ce da ni: "Yaya, babur ɗin nan zan sayar in shiga oto-ekol in yi permin babbar mota. Wane ya dawo daga Lome, wallahi da idona na ga ya fiddo dami daga aljihu, ya fi jikka ɗari uku. Tafiya guda fa!"

Na san ba shi kaɗai ke wannan mafarki ba. Har cikin waɗanda muka gama jami'a tare, difloma na kwance cikin akwati, akwai masu cewa gara su kama sitiyari da zaman jiran aikin gwamnati. Kuma ban ga laifinsu ba. Tuƙin babbar mota sana'a ce ta mutunci. Ƙasar da ba ta da teku irin tamu, shinkafar da muke ci, sukari, magani, ƙarfen gini, duk a bayan gingimari suke iso mana. Ranar da direbobi suka ajiye makulli, a kasuwa za mu fara jin ta.

Amma abin da na gaya wa ƙanena shi zan gaya muku: kuɗin da kuke gani a hannun direba ranar da ya sauka ba shi ne samunsa ba. Samun direba ba a tafiya ake ƙirga shi ba, a kwana ake ƙirga shi. Sabon direba kuwa shi ne ya fi kowa yawan kwanakin da ba wanda zai biya shi.

Damin da ka gani, na wa ne?

Kuɗin da ke bi ta hannun direba kashi uku ne, kuma yawancinmu muna haɗa su wuri guda.

Na farko albashi, abin da mai mota ya yi alkawarin bayarwa a ƙarshen wata. A wajen masu motoci da yawa magana ce ta baki, babu takarda, kuma shi ne mafi ƙanƙanta cikin ukun.

Na biyu kuɗin hanya. Wannan shi ne damin da ke ruɗar mutane, alhali ba na direba ba ne, na mota ne. A ciki za a sha gazuwal, a biya peyaj, a sallami shingaye, a yi facin taya, a ci abinci shi da yaransa. Ku ɗauki gazuwal kaɗai. Tsohuwar tirela mai cikakken lodi tana iya shan lita 40 a kilomita 100. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne, wato lita 360 ke nan. A farashin da aka sa a watan Yulin 2024, sefa 618 kowace lita, kuɗin ya haura jikka 220, zuwa kawai, ban da dawowa. To wanda ya ga direba da jikka ɗari uku a aljihu ya ce ya ga mai kuɗi, tankin mota ya gani. Abin da ya rage bayan an sauke kaya, in ya rage, shi ne rabon direba.

Na uku kuma shi ne na gefe: ɗan ƙarin buhu da aka ɗora ba da sanin mai mota ba, fasinja a saman kaya, jarkar gazuwal da aka zuƙe aka sayar a bakin hanya. Kowa a tasha ya san da shi, ba mai faɗarsa da ƙarfi. Zan dawo kansa, don a nan ne cutar take.

Permi ba makulli ba ne

Abin da oto-ekol ba ta gaya wa yaro shi ne, permi C ko E takarda ce da ke hana jandarma kama ka, ba ita ke sa Alhaji ya miƙa maka makulli ba. Ka sa kanka a matsayin mai mota. Ya zuba miliyoyi ya sayo DAF ko Howo, wataƙila da bashi, a bayanta kuma akwai kayan wani ɗan kasuwa na wasu miliyoyin. Zai ba yaron da ya fito oto-ekol jiya? Ba zai ba shi ba. Wanda zai ba shi ne wanda wani tsohon direba ya tsaya masa ya ce: "Wanga yarona ne, na yarda da hannunshi."

Kafin a kai nan sai an yi zaman karen mota, abin da wasu ke kira aparanti. Kai ne mai sa waigi a bayan taya, kai ne mai ɗaure tamfol, mai wanke mota, mai dafa shayi da shinkafa a gindinta, mai kwana a ƙarƙashinta kana gadin kaya lokacin da maigida ya shiga gari. Ba a yi maka maganar albashi. Abinci ne, da abin da maigidanka ya ga dama ya miƙo in an sauka lafiya. Wani ya dace da maigida mai tsoron Allah, ya riƙa ba shi sitiyari a hanya mai kyau har hannunsa ya faɗa. Wani kuma ya shekara da shekaru bai wuce ja da baya a cikin tasha ba, don maigidan ba ya son rasa yaron da ke yi masa aiki a kyauta.

Saboda haka amsar gaskiya ga mai tambaya nawa zai samu a shekarun farko ita ce: abin da zai riƙe cikinka, ba abin da zai riƙe gida ba. Wanda ke da mata da ɗa, ko tsohuwar da ke jiran kuɗin cefane daga hannunsa kullum, ya sa wannan a lissafi tun kafin ya rabu da babur.

Ranar da ka samu makulli ma, ba sabuwar mota za a ba ka ba. Sabuwa ta tsofaffin hannu ce. Kai za a ba wadda ta gaji, mai yawan kwana a garejin bakanike. Duk ranar da ta kwana a can, kai ma samunka ya kwana.

A ƙirga kwanaki

Da can babbar hanyarmu ita ce ta Kwatano: daga tashar jiragen ruwa a bi ta Paraku, Malanbil, a haye gada zuwa Gaya, Dosso, sai Yamai, kilomita dubu da ɗan wani abu. Ko a lokacin, ba tuƙin ne ke cin kwanaki ba, jira ne. Jiran layin lodi, jiran takardun duwan, jiran a sauke.

Bayan 26 ga Yulin 2023 da takunkumin CEDEAO, iyaka ta rufe. An ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024, amma gadar Gaya ba ta koma yadda take ba, kaya masu yawa suka koma ta Lome. Daga can sai a ratsa Togo gaba ɗaya, a shiga Burkina Faso, a bi ta Kaya da Dori zuwa Tera. Wannan yanki ba a bin sa kai kaɗai. Sai motoci sun taru, sai sojoji sun shirya rakiya, sannan ayari ya tashi. Jiran nan yana iya cin makonni. Kuma duk mun ji labarin hare-haren da aka kai wa ayarin motoci a wannan hanya, akwai gidajen da har yau ke zaman makokin direba ko yaron mota.

Yanzu mu yi lissafi irin na ɗan makaranta. Alƙaluman nan misali ne na kafa don a ga yadda abin ke aiki, kowa ya cire su ya sa waɗanda aka yi masa alkawari.

Mu ce albashinka jikka 60 a wata, kuma duk tafiya kana tsira da jikka 90 daga kuɗin hanya. In tafiya tana cin kwana 20, a wata biyu ka yi uku: jikka 270, a haɗa da albashin wata biyu 120, ya zama 390. A raba da kwana 60, kana da sefa 6,500 a yini. Ba laifi.

To mu ce tafiyar nan guda ta ci kwana 60 saboda jiran lodi da jiran rakiya. Kwana 40 ɗin da suka ƙaru, kai da yaronka kuna cin abinci, kuna sayen ruwa, kuna sa kuɗin waya. A ce jikka 2 a yini, jikka 80 sun tafi. Daga 90 ɗin nan saura 10. A haɗa da 120, ya zama 130. A raba da 60: bai kai sefa 2,200 a yini ba. Mota guda, direba guda, alkawari guda, amma samu ya ragu kusan kashi uku. Ɗan kabu-kabu nawa ne ke haɗa fiye da haka a yini, kuma ya kwana a ɗakinsa?

Shi ya sa duk wanda ya ba ka lamba guda ya ce ga abin da direba ke samu, bai gaya maka rabin labarin ba. Tambaye shi tafiya nawa ya yi a shekarar da ta wuce, kuma kwana nawa motar ta yi a tsaye.

Ba duka tuƙi ne ɗaya ba

Mai jan tankar mai daga matatar SORAZ ta Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011, in a ƙarƙashin kamfani mai tsari yake, ya fi kusa da samun albashi tsayayye da takarda. Amma irin wannan gurbi ba a ba sabon hannu, kuma abin da ke bayansa wuta ce.

Mai ɗaukar albasar Galmi zuwa Gana ko Abijan yana da lokacinsa. In kaka ta yi, lodi har ya yi yawa. Sai dai albasa ba ta jira, kwana biyu na tsaiko a kan iyaka ko lalacewar mota a daji, ta fara ruɓewa, mai kaya kuma a kan direba zai fara sauke fushinsa. In lokacin ya wuce, sai zaman tasha.

Mai bin hanyar Maradi zuwa Jibiya da Katsina, ko Konni zuwa Illela, ko Magarya zuwa Kano, tafiyarsa gajera ce, yana yawan ganin gida. Amma wanda ake sallama da naira ya san abin da ya same shi tun da darajarta ta faɗi a 2023: kuɗi cike da hannu, in aka canza zuwa sefa sai ka rasa inda suka shiga.

Mai tifar yashi da tsakuwa a cikin gari, ko mai ɗauko siminti daga Malbaza, ba shi da labarin Lome da zai ba ƴan fada, amma yana kwana kusa da iyalinsa, kuma a nan ne sabon direba ya fi saurin samun sitiyari. Da yawa suna raina wannan mataki, alhali ta nan ƙofar take.

Inda cutar take

Mu koma kan kuɗin gefe. Mai mota ya san direba na zuƙar gazuwal, don haka sai ya yanke albashi ƙasa, yana cewa ai zai cike a hanya. Direba ya san albashin ba zai kai shi ko'ina ba, don haka sai ya cike a hanyar. Kowanensu na kallon ɗan uwansa a matsayin ɓarawo, kuma kowanensu na da hujja. An gina sana'a sukutum a kan rashin yarda.

Wa ke biyan kuɗin wannan tsari? Mu duka. Direban da samunsa ya dogara da ragowar kuɗin hanya, riba gare shi ya ƙi sayen sabuwar taya ya lallaɓa da mai faci goma. Riba gare shi ya ɗora lodi fiye da ƙima, duk da dokar UEMOA mai lamba 14 ta shekarar 2005 da ta ƙayyade nauyin da babbar mota za ta ɗauka, ya sallami wanda zai sallama a wajen awo ya wuce. Nauyin nan shi ke farfasa kwaltar da aka yi da kuɗin talakawa, shi ke sa birki ya ƙi kamawa a gangara. Riba gare shi ya kwashi mutane a saman buhuna. Riba gare shi ya ƙi barci don ya riga wani shiga layin lodi, daga nan kuma ake fara haɗiyar tramol da sunan maganin gajiya. In mota ta kife muka ce ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, amma tsarin biyan da ke saka wa mutum in ya yi ganganci, mutane ne suka tsara shi, kuma mutane na iya gyara shi.

Sabon direba shi ya fi faɗawa wannan rami, don yana son ya nuna wa Alhaji shi mai sauri ne, ba ya kuma da bakin cewa a'a. In ya ce tayar nan ba za ta kai ba, akwai yara biyar a tasha masu permi a aljihu da ke jiran makullin.

A unguwarmu akwai wani bawan Allah da ya yi sama da shekara ashirin yana jan tirela. Mun taso muna ganinsa shi ne mai kuɗin layinmu, in ya dawo daga tafiya har yaran maƙwabta sai sun samu tsaraba. Hatsari guda ya raba shi da ƙafa. Maigidansa ya biya asibiti na farko, ya aiko da buhun shinkafa da ɗan abin da ya samu, daga nan shiru. Ba takardar aiki, ba lambar CNSS, ba fansho. Yau a bakin tasha yake yini, tsofaffin yaransa ne ke miƙa masa na goro. Da na gaya masa ina wannan rubutu, cewa ya yi: "Ɗana, ka gaya musu kuɗɗin mota na hanya ne, a hanya suke ƙarewa."

Masu motoci ma suna da tasu

Adalci ne a faɗa. Ba kowane mai mota ne azzalumi ba, da yawansu mota guda ko biyu gare su, su ma a kan siraɗi suke. Kayan gyara sun yi tsada, taya ta yi tsada, ga asurans, ga haraji, ga ɗan kamasho da ke cin nasa kafin a ba da lodi. Sau da yawa mota na gangarawa bakin teku ba kaya, don abin da muke shigowa da shi ya fi abin da muke fitarwa ta hanya, wato tafiya biyu ake yi a kan kuɗin guda. In mota ta yi wata biyu a layi, shi ma mai ita bai samu ko dala ba, bashi kuwa ba ya jira.

Wasu za su ce in aka matsa sai an yi kontara da CNSS, masu motoci za su daina ɗaukar sababbi. Na ji wannan, amma ban yarda ba. Mai mota na asarar abin da ya fi kuɗin CNSS a gazuwal da ake zuƙewa, da injin da lodi ya kashe kafin lokacinsa, da motar da ta kife don direba bai yi barci ba. Direban da ya san abin da zai samu a ƙarshen wata, ya san in ya ji rauni ba za a yar da shi ba, shi ne mai tattalin mota. Takarda kariya ce ga su biyun.

Kuma ba sabon abu muke roƙo ba. Dokar aiki ta ƙasarmu ta shekarar 2012 ba ta ce ban da direba ba. Mafi ƙarancin albashi ya tsaya a kan sefa 30,047 tun 2012, ya shafe sama da shekara goma a haka kafin a zo maganar ɗaga shi zuwa 42,000. Ku dubi wannan adadi, ku dubi farashin buhun shinkafa da kuɗin haya a Yamai ko Maradi. To yaron mota da ke aiki dare da rana ko wannan ɗin ba ya gani. CNSS na nan don haɗarin aiki, da kuɗin iyali, da fansho. Abin da ya rage shi ne a aiwatar. Sandikar direbobi da ta masu motoci su zauna su fitar da mafi ƙarancin abin da za a biya direba da yaron mota, a raba kuɗin mota da kuɗin mutum, a sa wa kwanakin jira farashi, a ƙayyade tsawon zaman aparanti. Masu binciken aiki kuma su tuna tashar manyan motoci ma wurin aiki ce, ba ofis kaɗai ba.

Kafin ka karɓi makulli

Kai kuma da ke shirin shiga, ga tambayoyin da za ka yi, cikin ladabi, amma ka yi su gaban shaida:

Nawa ne albashina, kuma ana biya ko mota ta yi tafiya ko ba ta yi ba?

Kuɗin abincina daban yake da kuɗin gazuwal da na shingaye, ko a haɗe suke?

In muka yi makonni muna jiran lodi ko rakiya, wa ke ciyar da mu?

In taya ta fashe, ko kaya suka lalace, ko aka ci mu tara a wajen awo, daga aljihun wa?

In na ji rauni ko na rasu a kan aiki, me iyalina za su samu? Za a yi mini rajistar CNSS?

Mai motar da ya fusata don ka yi waɗannan tambayoyi, ya riga ya ba ka amsa. In ba za a rubuta kontara ba, ko a saƙon waya ne a rubuta, ka ajiye. Ka sayi ɗan littafi ka riƙa rubuta ranar tashi, ranar sauka, abin da aka ba ka, abin da ka kashe. Bayan wata shida kai da kanka za ka san samunka na gaskiya, ba sai wani ya ba ka labari a fada ba.

Ƙanena dai ban hana shi ba. Na ce kada ya sayar da babur. Ya ba wani amintacce ya riƙa yi masa aiki da shi yana kawo balas, ya tara kuɗin permi a hankali, ya nemi tsohon direba mai mutunci ya bi shi tafiya biyu ko uku tukuna, ya ɗanɗani kwanan ƙarƙashin mota da sauron bakin iyaka. In ya dawo har yanzu yana so, to sana'arsa ce, Allah ya sa albarka, ni zan fara raka shi oto-ekol. Ya yi shiru, ya ce zai yi tunani. Jiya na gan shi ya wuce da fasinja a bayan babur ɗin.

Direbobi da yaran mota da ke karanta mu, ku ne gani ya kori ji. Inda na faɗi daidai ku ƙara, inda na kauce ku gyara mini, ku gaya wa ƙannenmu gaskiyar kwanakin da kuke yi a hanya. Waɗanda ke kan hanya a daren nan kuma, Allah ya sauke ku lafiya.